A Duro Na Gwada Ta

Shekara talatin da wani abu na yi ina sayen injin jirgin ruwa ina sayarwa. Na saya a Legas, na saya a Kwatano, na taɓa bin wani inji har Gao saboda labarinsa da na ji a bakin wani Bazabarme, na dawo da shi Wara a bayan motar albasa. A cikin wannan yawo na tsinci Yarbanci da Faransanci da Turancin kasuwa, na ɗora a kan Hausa da Gunganci da ɗan Kambarcin da na tashi da su, Larabci kuma na ƙaro abin da ya samu a Jidda. Duk wanda zai sayi inji tsakanin Wara da Shanga, in yana da hankali, sai ya biyo ta zaurena. Wanda ba shi da hankali ma yakan biyo, amma bayan ya saya.

Ƙa'idata ba ta da wuya. Ka ɗaga inji ka ji nauyinsa, don ƙarfen kirki ba ya ɓoye kansa. Ka tayar da shi ka saurari muryarsa. Sai babbar cikinsu: kada ka biya kuɗin injin da aka gwada maka a duro. Masu sayarwa suna ajiye duro cike da ruwa a bayan shago, su rataya inji a bakinsa, su ja igiya, farfela ta yi ta tayar da kumfa, kai kuma ranka ya yi fari. A duro kowane inji jarumi ne, tunda ba ya tura komai. Sai ka ɗaura shi a jirgi, ka loda buhunan shinkafa da mutane, ka fita tsakiyar tafki inda gaɓa ta zama zare, can zai gaya maka gaskiyarsa. Na faɗi wannan magana a harsuna biyar, na faɗe ta har mutanen kwatar jirage suna ƙarasa mini ita kafin na rufe baki.

Abin da zan ba da labari ya faru ne bayan na ajiye sana'a, a shekarun da wayar hannu ta fara shigo mana, lokacin da mu tsofaffi har yanzu bakinmu kan zame mu ce jiharmu Sakkwato, sai yara su gyara mana su ce Kebbi. Jikana, ɗan babbar 'yata, ya sami gurbi a kwaleji a Birnin Kebbi zai karanci zanen gine-gine. Takardar ta zo da jerin abubuwan da ake so, a ciki har da shawarar cewa ɗalibi ya zo da kwamfutarsa in yana da hali, irin ƙaramar da ake naɗewa a sa a jaka, wadda yaran ke kira laftof.

Uwarsa bandar kifi take yi. Mijinta ya rasu yaron yana aji biyu na sakandare, tun daga nan hayaƙin banda ne ya biya masa komai, daga littafi har takalmi. Wannan karon ta tara cinikin kaka guda, ba ta taɓa shi ba, ko zane ba ta ɗinka da salla ba. Ranar da ta kawo mini kuɗin a ƙulle cikin tsohon ɗankwali, ƙamshin tarwaɗa yana tashi daga takardun kansu. Ta durƙusa ta ce ta kawo wurina ne don ni na san kaya, kuma in an ba wancan yaron a hannu abin wasa zai sayo. Ba ta faɗin sunansa, ɗan fari ne. Ta ƙara da cewa ba ta da wasu bayan waɗannan, kuma saura kwana goma ya tafi. Na ce ta kwantar da hankalinta, wanda ya sayi inji a hannun mutanen Kwatano bai taɓa faɗuwa ba, ba ɗan akwatin rubutu ne zai kayar da shi ba.

Jikan nawa siriri ne kamar sandar tuƙa jirgi, kuma tun yana rarrafe muke tsokanar juna. Shi yana ce mini Tsoho, ni ina ce masa abokina, kowannenmu yana iƙirarin kakar yaron matarsa ce. Ya zo zaure ya zauna ya yi mini bayani dalla-dalla, don ya yi hutu biyu a Kaduna wurin ƙanen babansa ya koyi abin a can. Abu uku yake so. Ta zama marar nauyi, don daga ɗakin kwana zuwa aji tafiya ce mai tsawo a ƙafa. Batirinta ya riƙe wuta, don a can ma wutar lantarki baƙuwa ce kamar nan, mu da muke kwana muna tashi a bakin ruwan da ake yin ta da shi. Na uku, ta iya ɗaukar gem.

Na tambaye shi mene ne gem. Ya ce wasa ne, na tseren motoci da na ƙwallo. Ya fara bayanin cewa kwamfutar da ta iya ɗaukar wasan nan ita ce za ta iya ɗaukar aikin zane, don ƙarfi iri ɗaya suke ci, amma ni na riga na ji kalmar wasa, kunnena ya rufe. Na tuna masa da idon uwarsa da hayaƙi ya jajanta. Na ba shi labarin wani yaro a Kumasi da karta ta cinye wa gadon ubansa, labarin da ba shi da haɗi da kwamfuta ko ta ina, amma ina son ba da shi.

"Tsoho, ba hana ni wasa za ka yi ba, ai ka sani," in ji shi. "Gwaji dai nake so a yi da shi."

"Abokina, ni za ka koya wa gwaji?"

Ya tashi ya fita. Na ɗauka na ci shi da hujja.

Muka shiga jirgin kasuwa zuwa Yelwa da sassafe. Na sa babbar rigata mai aiki, wadda nake sawa in zan shiga ciniki, don mai sayarwa ya san da wa yake magana. A hanya mai jirgin ya roƙe ni na saurari injinsa na gaya masa abin da na ji. Na karkata kai, na rufe ido ɗaya, na ce fulogi ɗaya ya fara gajiya. Ya ce wallahi jiya makanike ya faɗa masa haka. Fasinjoji suka yi ta jinjina kai, wata Bakambara mai tulunan man gyaɗa ta ce ni kunnena ido ne. Da muka sauka a kwatar Yelwa kaina ya yi girman da da ƙyar hula ta zauna.

Shagon da aka kwatanta mana na wani Bayarabe ne mai sayar da wayoyi, yana kuma sauko da kwamfutoci na hannu daga Legas jefi-jefi. Ƙaramin janareta yana tari a ƙofar shagon, ya yi gudu ya shaƙe, ya yi gudu ya shaƙe. Tun kafin mu gaisa na nuna shi da sanda na ce kafiretarsa ta toshe, da a ce ina da lokaci da na gyara masa cikin minti goma. Sannan na buɗe masa Yarbancina na Legas, da gaisuwa mai tsawo har da tambayar mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Ya saurara da ladabi, ya amsa da Hausar Yawuri tsantsa, ya ce shi a nan aka haife shi, Yarbancin nasa ma bai kai nawa ba. Ban karaya ba, na ci gaba da Yarbancin, shi kuma ya ci gaba da Hausa, muka yi ciniki haka kamar kurame biyu.

Guda uku ne kuɗinmu zai iya kaiwa. Ɗaya allonta ya tsage a gefe, muka ture ta. Ta biyu ƙarama ce, ruwan toka, fentin gefenta ya goge, harafi ɗaya ma ya fita an manna wani da bai yi kama da 'yan'uwansa ba. Jikana ya ɗauke ta yana jujjuyawa, na ga idonsa ya tsaya a kanta. Na karɓa na ɗaga. Kamar faifan tuwo. Na ajiye ta da ɗan yatsa biyu, na ce wannan roba ce aka hura wa iska.

Ta ukun kuwa, da na ɗaga ta sai da na gyara tsayuwa. Baƙa ce wuluk, mai kauri kamar allon ƙofa, cajarta kaɗai ta kai bulo. Aka jona ta a wutar janareta aka kunna, fankar cikinta ta ɗauka da wani gurnani mai daɗi, iska mai ɗumi tana fita ta gefe tana kaɗa mini hannun riga. Na karkata kai, na rufe ido ɗaya. Na ce ga inji.

Mai shagon, Allah ya saka masa, ya ce Baba Alhaji wannan tsohuwa ce, batirinta ya gaji, ta fi dacewa da tebur. Ni kuwa na san wannan dabara. A Kwatano, in mai kaya ya fara kushe kayansa, to akwai wanda ya yi masa alkawarin farashi mafi tsoka, yana so ka bar masa. Na yi murmushin wanda ya ga duniya, na gaya masa da Yarbanci cewa ba yau na fara shiga kasuwa ba. Jikana ya zaro faifan wasansa daga aljihu ya ce a bari ya sa a cikin kowace, a kuma zare waya daga bango a ga wadda za ta jure. Na ƙwace faifan na sa a aljihuna. Na ce ba mu shigo jirgi tun asuba da kuɗin gumin uwarsa don mu zauna a kasuwa muna tseren motoci ba. Mutane biyu da ke tsaye suna sayen katin waya suka ce Baba ya yi gaskiya, yaran yanzu sai addu'a.

Na biya. Mai shagon ya ce mu dai duba da kyau, don kayan da ya haye ruwa ba ya dawowa. Na ce na duba. Jikana ya saɓa jakar a kafaɗa, ya karkace gefe guda kamar jirgin da aka yi wa lodi a ɓangare ɗaya, muka kama hanyar Wara.

Mun iske babu wuta, kwananta huɗu da tafiya. Duk da haka maƙwabta suka taru a zaure bayan la'asar don ganin abin da na zaɓo. Na sa aka shimfiɗa sabuwar tabarma, na yi ɗan jawabi a kan nauyi da ƙarfe da yadda kayan Jamus suka bambanta da na kowa, ko da yake ban san ƙasar da ta ƙera ta ba. Yaron ya buɗe ya danna. Allo ya kawo haske, fanka ta yi gurnaninta, liman ya ce masha Allah. Ban gama bayanin ma'anar gurnanin ba allon ya yi baƙi. Ba ta kai tsawon alwala ba.

Na ce tafiyar ruwa ce ta gajiyar da ita. Washegari muka kai ta shagon mai aski da ke da janareta, ta sha wuta tun hantsi har azahar. Aka zare waya, ta yi numfashi kaɗan ta sake mutuwa. Aka mayar da waya. Yaron ya sa faifan aikin zanen da wani ɗan ajinsu ya ba shi, sai ta riƙa jan ƙafa, ka ja layi yanzu, sai ka gama gaisawa da mutum kafin layin ya bayyana. Ya miƙo hannu ba tare da ya dube ni ba, na zaro faifan wasan daga aljihu na ba shi. Motocin suka fito suna tafiya kamar masu ciwon ƙafa, gefen kwamfutar ya yi zafin da za a iya gasa ƙaramar karfasa a kai, gurnanin nan da na yaba ya koma kururuwa, can sai ɗif, ta kashe kanta alhali waya tana jone.

Mai askin ya tsayar da almakashi. Jikana ya rufe ta a hankali, ya juyo.

"Tsoho," in ji shi, "a duro ka gwada ta."

Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Mai askin ya juya baya yana gyaran madubin da ba abin da ya same shi, kafaɗunsa suna rawa don dariya. Wayar bango ita ce duro. Wasan da na ƙwace shi ne buhunan shinkafa. Yaron ya nemi mu fita tsakiyar tafki, ni na tsaya a bayan shago ina kallon kumfa ina yaba murya.

Ban yarda nan take ba, kada na yi wa kaina ƙarya. Kwana biyu na yi ina neman hanya. Na ce injin jirgi ruwa ne ke sanyaya shi, don haka a ɗora ta a kan murfin randa. Na sa aka jiƙa buhu aka shimfiɗa a ƙarƙashinta. Na ce wataƙila a Birnin Kebbi iskar ta fi sanyi, abin da duk wanda ya taɓa zuwa Birnin Kebbi da bazara ya san ba a faɗinsa da hankali. Kakarsa ta ce in ina so ta ɗaura mata zane ta goya ta zuwa makarantar, tunda mijinta na gaskiya ba zai iya ɗauka ba, mijinta na ƙarya kuma shi ya jawo.

Abin da ya karya ni ita ce 'yata. Na bi ta bayan gidanta da safe na same ta a bakin banda tana juya kifi ɗaya bayan ɗaya, ido yana zubar da ruwan hayaƙi. Ta gaishe ni kamar kullum, ta tambayi ƙafata, ta sa aka kawo mini kujera. Ba ta ambaci kwamfuta ba. Na ga ta ƙara tara itace fiye da na kullum, har da wata tsohuwar bandar da ta daɗe da bari ta sake hura wa wuta. Ta fara tarin wani kuɗin ke nan, ba ta gaya wa kowa ba, kuma ni da ita mun san ba zai taru cikin kwana biyar ba.

Washegari na koma Yelwa. Na hana yaron ɗaukar jakar, ni na saɓa. Daga kwata zuwa shago sau uku na tsaya ina kamar duba wani abu a rumfunan mutane, igiyar jakar tana cin kafaɗata ta cikin babbar riga. Wannan karon da Hausa na yi sallama. Na ajiye kayan a kan tebur na ce masa ya gaya mini gaskiya ranar nan, ni ne ban ji ba. Na gaya masa kuɗin wace ce da yadda aka same su.

Ya ce ai ya faɗa mini kayan da ya haye ruwa ba ya dawowa. Na ce ya faɗa. Ya riƙa kaɗa biro a tebur. Ƙaramar ruwan tokar tana nan a cikin gilashi, wani malamin makaranta ya taya amma bai dawo ba tukuna. Can ya ce baƙar zai iya ajiye ta a shago ana buga wa mutane takardu da ita, amma sai da tsayayyar wuta, janaretansa kuwa ga shi nan yadda na gan shi. Ya dube ni yana danne dariya.

"Baba Alhaji, ba kai ka ce minti goma ba?"

Shekara goma rabona da riƙe sifana. Idona ba ya ganin ƙaramin noti sai na kai shi nesa, in na kai shi nesa kuma hannuna ba ya kaiwa. Amma na naɗe hannun babbar riga, na durƙusa a ƙofar shago a tsakiyar kasuwar Yelwa, na kashe janaretan na fara kwancewa. Da ya mutu, wuta ta ɗauke a shagon gaba ɗaya. Jikana ya dubi mai shagon, mai shagon ya buɗe gilashi ya miƙa masa ƙaramar. Babu waya, babu bango. Yaron ya zauna a kan benci ya sa faifansa.

Minti gomana ya kai har bayan azahar. Wani ɗan sukuru ya faɗa cikin yashi muka neme shi ni da masu sayen kati. Fetur ya zubo mini a gaban riga, daidai kan aikin. Wasu mutanen Shanga da suka san ni suka wuce suka tsaya suna tambayar ko na koma sana'a ne, na ce ina taimakon wani yaro. Duk wannan lokaci a bayana ina jin ƙarar motoci suna tsere, da mai shagon yana ce wa jikana ya bi ta dama, ya bi ta dama. Kowane lokaci na ɗaga kai ina jiran na ji ɗif, ban ji ba. Aka yi kiran salla muka je muka dawo, ya buɗe ta, tana nan da sauran ranta. Ya cire wasan ya sa faifan zane, ya ja layi, layin ya bi hannunsa. Na sa bayan hannuna a gefenta, ɗumi kaɗan kamar goshin mai lafiya. Na karkata kai don na ji muryarta, ban ji komai ba, kuma har ga Allah wannan shirun bai yi mini daɗi ba.

Janaretan ya tashi a ja na bakwai. Ya yi gudu bai shaƙe ba. Mai shagon ya saurara, ya ce to Baba, a nan dai kunnenka gaskiya ne. Ya tura baƙar ƙarƙashin tebur da ƙafa, ya naɗe cajar ƙaramar ya ba yaron, bai nemi ƙari ba.

A jirgi na ce wa yaron ya ba ni na riƙe. Na ɗaga ta sau biyu, har yanzu hannuna yana gaya mini an cuce mu. Na mayar masa na ce ya sa a jaka kada iska ta ɗauke ta.

Mun isa gida rana ta yi sanyi. 'Yata tana bakin banda. Yaron ya buɗe kwamfutar a kan turmi, babu waya ko ɗaya, ya nuna mata wani ɗaki da ya zana a jirgi, da ƙofa da taga biyu. Ta goge hannu a zane ta leƙa daga nesa, ba ta taɓa ba. Sannan ta dubi gaban rigata, baƙin mai daga wuya har gwiwa.

"Baba, mi ya sami riga?"

"Gwaji muka yi," na ce.

Ta ɗebo ruwa ta kashe wutar tsohuwar bandar, ta zaɓi babbar tarwaɗa ta naɗe a takarda ta ce a kai wa Inna.

Yaron ya tafi ranar da aka sa, kwamfutar tana cikin jakar baya tsakanin riguna, yana tafiya a miƙe. Rigar kuwa an wanke ta sau huɗu, tabon bai fita ba, na bar ta ta zaman gida. Masu sayen inji ba su daina biyowa ta zaurena ba, sai dai yanzu in na kai kan babbar ƙa'ida, nakan ga wani yana kallon ƙasa yana cije leɓe, don mai askin nan bai bar kowa a Wara bai ji ba.